Muhawara: Me Ake Cirewa, Me Ba A Taɓawa Idan Za A Sabunta Tambarin Ƙungiyar Ƙwallo?

Mai Zane:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kawo muku wata matsala ce da ta hana ni sakat a 'yan kwanakin nan, domin na san a wannan zaure akwai waɗanda suka fi ni sanin tarihin ƙwallon ƙafa nesa ba kusa ba. Sana'ata zane ce, kuma shugabannin wata ƙungiya da ba zan ambaci sunanta ba sun ba ni aikin sabunta tambarinta. Tambarin da suke amfani da shi yanzu garkuwa ce mai ɗauke da abubuwa har shida: doki, gada, ƙwallo, taurari uku, shekarar kafuwa, da kirari da aka rubuta a kan wani ƙyalle da ya naɗe ƙasan garkuwar. Idan aka buga shi da girma a jikin tuta yana da kwarjini ƙwarai, amma da zarar an ƙanƙanta shi ya koma girman farce a allon waya, sai komai ya cakuɗe, dokin ya zama kamar tabo, kirarin kuma ya daina karantuwa. Shugabannin suna son abu mai sauƙi irin na zamani, har ɗaya daga cikinsu ya nuna mini harafin J na Juventus ya ce irin wannan suke sha'awa. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, domin na ga dattawan da suke sumbatar tsohon tambarin nan idan an ci ƙwallo. To, me ake iya cirewa, me ba a taɓawa, kuma wa ke da hurumin yanke hukunci?

Dattijon Filin Wasa:
Wa alaikumus salam ɗana. Tun da Juventus aka nuna maka, bari mu fara da ita. A watan Janairun 2017 ne ƙungiyar ta ƙaddamar da wannan harafi, kuma ba ma a Turin aka yi bikin ba, a Milan aka yi shi, wanda wannan kaɗai ya isa ya nuna maka waɗanda aka yi zanen dominsu. Tsohon tambarin mai siffar ƙwai yana ɗauke da zanen baƙi da fari, da kambi, da kuma bijimin da yake alamar birnin Turin. Da aka cire bijimin, an cire birnin daga ƙirjin 'yan wasa. Harafin J zai iya zama na kamfanin takalma ko na agogo, babu abin da ke cikinsa da ke cewa ga garin da aka haifi wannan ƙungiya a 1897. Na san za a ce mini an saba da shi yanzu, amma sabo da abu ba hujja ba ce cewa an yi daidai. Shawarata gare ka ita ce ka gaya wa shugabannin nan cewa su riƙon ƙwarya suke yi, gobe wasu ne za su hau kujerarsu, amma magoya baya suna nan daram har su bar wa 'ya'yansu.

Ɗan Talla:
Baba, ina girmama maganarka, amma ka ba ni dama in kawo ɗaya ɓangaren, domin ana yawan ɗaukar masu neman canji a matsayin marasa kishi alhali sau da yawa larura ce take tilasta su. A ɗauki Arsenal. A 2002 ta sauya tambarinta ne musamman saboda tsohon ya ƙunshi sassa daga tambarin ƙaramar hukumar Islington, don haka ƙungiyar ta kasa samun cikakken haƙƙin mallakarsa, kuma masu sayar da kayan jabu suna buga shi a riguna da huluna yadda suka ga dama. Ƙungiyar da ba ta mallaki tambarinta a gaban shari'a ba tana kallon kuɗinta na shiga aljihun wasu. Aka zana sabo, aka bar igwa domin ita ce ke tuna cewa ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich ne suka kafa ƙungiyar a 1886, aka juya bakinta zuwa dama, aka cire kirarin Latin da sauran ƙawa. An yi surutu a lokacin, amma yau yaron da aka haifa bayan 2002 bai san wani tambari ba sai wannan, kuma da shi aka yi kakar 2003 zuwa 2004 da ba a doke ƙungiyar a gasar Firimiya ba. Haka kuma batun allon waya da Malam Mai Zane ya kawo ba ƙaramin abu ba ne. Yawancin mutanen da za su ga tambarin ƙungiya a yau za su gan shi ne ɗan mitsitsi a kusurwar talabijin ko a manhajar sakamakon wasanni, ba a jikin tuta ba.

Dattijon Filin Wasa:
Ai misalinka nawa ne, ɗana. Arsenal ta bar igwa, Juventus ba ta bar bijimi ba.

Malamar Tarihi:
Ina so in ɗan ja hankalinmu ga wani abu da ake mantawa, wato kusan babu tambarin da ya zauna yadda aka fara zana shi, kuma abin da kowannenmu yake kira gado yawanci shi ne wanda ya buɗe ido ya gani. Real Madrid ba ta da kambi sai a 1920, lokacin da Sarki Alfonso na 13 ya ba ta laƙabin sarauta. Da aka kawar da sarauta aka kafa jamhuriya a 1931, sai aka cire kambin, sannan ya dawo a 1941. Barcelona kuma a zamanin mulkin kama-karya na Janar Franco a Sifaniya an tilasta mata juya sunanta zuwa tsarin Sifaniyanci, aka rage layukan tutar Kataloniya, yankin da birnin Barcelona yake, da ke cikin tambarin daga huɗu zuwa biyu, kuma haruffan FCB ba su dawo ba sai a shekarun 1970. Wannan ne ya sa a 2018, lokacin da shugabanninta suka kawo shawarar cire waɗannan haruffa uku domin tambarin ya fi fita a ƙananan alluna, mambobi suka tayar da jijiyar wuya a babban taronsu har aka janye shawarar ba tare da an kaɗa ƙuri'a ba. Wanda bai san tarihin ba zai ce haruffa uku ne kawai, amma ga mutanen da aka taɓa ƙwace wa waɗannan haruffa da ƙarfin mulki, cire su tamkar sosa tsohon miki ne.

Misalin da ya fi koyar da ni shi ne na Manchester City. A 1997 ta ɗauki tambari mai gaggafa ta zinariya, da taurari uku, da kirarin Latin, shi ma saboda wanda ya gabace shi ba ya yiwuwa a yi masa rajista. Taurarin nan uku ba su wakiltar kofi ko ɗaya, ado ne kawai. A ƙarshen 2015, bayan an tuntuɓi magoya baya, sai aka bayyana sabon tambari mai siffar da'ira wanda ya koma ga tsarin da aka sani a da: jirgin ruwa da ke nuni da kasuwancin birnin, layuka uku na kogunan Irwell da Irk da Medlock, jan furen wardi na Lancashire, da shekarar 1894. Ka ga nan an yi canji babba, an jefar da gaggafar da ta shekara kusan ashirin, amma mafi yawan magoya baya suka karɓa hannu bibbiyu, domin abin da aka cire baƙo ne, abin da aka dawo da shi kuma ɗan gida ne. Saboda haka, Malam Mai Zane, kafin ka ɗauki alƙalami sai ka binciki kowane ɗaya daga cikin abubuwa shidan nan: yaushe ya shigo, wa ya kawo shi, kuma me ya sa.

Mai Surfani:
Ni ba masanin tarihi ba ne, aikina shi ne ɗinka bajo a ƙirjin riguna da keken surfani, kuma daga wannan ɓangaren zan yi magana. Zare yana da iyaka. Akwai ƙanƙantar da idan harafi ya kai ta, allura ba za ta iya fitar da shi ba, sai ya dunƙule, kuma bayan wanki biyu ko uku sai ka ga gefensa ya fara tashi. Kowane ƙarin launi yana nufin ƙarin zare da ƙarin lokaci a kan keke, kuma launin da yake narkewa daga duhu zuwa haske, wanda masu zane a kwamfuta suke ƙauna, ba ya fita da kyau a zare ko kaɗan. Don haka na fahimci shugabannin nan. Amma akwai hanyar da Liverpool ta bi wadda nake ganin ta fi kowace hikima. Babban tambarinta yana nan da hoton ƙofar Shankly ta filin wasanta a samansa da harsunan wuta biyu a gefe domin tunawa da waɗanda suka rasu a iftila'in Hillsborough na 1989, amma tun daga 2012 tsuntsun Liver kaɗai ake ɗinkawa a ƙirjin riga tare da haruffan ƙungiyar, harsunan wutar kuma aka mayar da su bayan wuya. Ashe ba dole ba ne tambari ɗaya ya yi dukkan aiki. A bar babba domin tuta da takardun ofis da ƙofar filin wasa, a ciro ƙarami daga jikinsa domin riga da allon waya.

Mai Zane:
Maigida, wannan shawara ta buɗe mini ido, na gode. Ban taɓa tunanin gabatar musu da tambari biyu ba, domin ɗaya suka nema.

Magoyiyar Atletico:
Ku ba ni dama in faɗi abin da ya same mu, domin yana nuna cewa ba sai an rushe tambari gaba ɗaya ake ɓata wa mutane rai ba. A watan Disambar 2016 aka nuna mana sabon tambarin Atletico Madrid, wanda aka fara amfani da shi a 2017 tare da ƙaura zuwa sabon filin wasa. Wanda ba magoyin ƙungiyar ba zai kalli tsoho da sabo ya ce ai kusan ɗaya ne, tun da dabbar beyar tana nan, bishiyar tana nan, taurari bakwai suna nan, layukan ja da fari suna nan. Amma an juya fuskar beyar ɗin zuwa ɗaya ɓangaren, an lanƙwasa saman garkuwar, an cire koren bishiyar da ruwan zinariyar da ya kewaye gefe, kuma duk an yi wannan ba tare da an tambayi kowa ba. Shekara shida magoya baya suna ɗaga tsohon tambari a filin wasa suna kiran a dawo da shi. A watan Yunin 2023 aka ba mambobi damar kaɗa ƙuri'a, sama da kashi 88 cikin ɗari suka zaɓi tsohon, kuma ya dawo a hukumance a Yulin 2024. Ni a ganina zanen 2017 ba mummuna ba ne idan aka auna shi da ma'aunin zane kaɗai, kuma na taɓa sayen riga mai ɗauke da shi. Abin da ya yi mana ciwo shi ne mun wayi gari mun tarar an sauya mana fuska ba da saninmu ba, a daidai lokacin da muke baƙin cikin barin tsohon filinmu na Vicente Calderón. Rashi biyu a lokaci ɗaya ya yi yawa.

Ɗan Talla:
Hajiya, na yarda cewa rashin tuntuɓa laifi ne, amma kada mu ɗauka tuntuɓa maganin kowace cuta ce. Leeds United ta ce ta ji ra'ayin mutum dubu goma kafin ta bayyana sabon tambarinta a Janairun 2018, wanda ya nuna gangar jikin mutum ya ɗora dunƙulallen hannu a ƙirji, irin gaisuwar da magoya bayanta suke yi. Cikin ɗan lokaci sama da mutum dubu saba'in suka sa hannu a takardar koke, kuma ƙungiyar ta janye shi tun kafin ya hau riga. Aston Villa ma ta ba magoya baya zaɓi a 2022, kimanin kashi 77 cikin ɗari suka zaɓi tambari mai da'ira, aka saka shi a rigar kakar 2023 zuwa 2024, amma kaka ɗaya kawai ya yi aka koma ga garkuwa. Idan aka ce jama'a ne za su yi zane, to za a ƙare da tambari mai abubuwa goma, domin kowa yana da abin da ba ya son a taɓa. Dole a ƙarshe wani ƙwararre ya zauna ya yanke.

Malamar Tarihi:
Malam, batun Leeds yana buƙatar a duba shi da kyau. Tambayar mutane abin da suke alfahari da shi daban, nuna musu zanen da aka yi kafin a tabbatar da shi daban. Mutum zai iya cewa yana son gaisuwar ƙungiyarsa, amma wannan ba ya nufin ya yarda a cire farin furen wardi na Yorkshire a sa hoton ƙirji a madadinsa. An ji ra'ayi a farko, sannan aka rufe ƙofa har ranar ƙaddamarwa, kuma a tsakanin nan ne aka ɓace hanya. Na yarda da kai cewa taro ba ya riƙe alƙalami. Aikin jama'a shi ne su faɗi abin da ba a taɓawa, aikin mai zane shi ne ya gina a cikin wannan iyaka, sannan a dawo musu da abin da aka gina su gani tun yana kan takarda.

Dattijon Filin Wasa:
Malama ta faɗi gaskiya, kuma Everton ce shaida. A 2013 ta fito da tambarin da aka cire masa kirarin Latin, wanda ma'anarsa ita ce babu abin da ya wadatar sai mafi kyau, aka cire ganyayen da ke gefe, aka kumbura hasumiyar Prince Rupert har ta sauya kama. Wannan hasumiya ƙaramin gini ne da aka yi a 1787 domin tsare masu ƙananan laifuka, kuma tana tsaye a unguwar Everton har yau, magoyi zai iya takawa ya je ya taɓa ta da hannunsa. Fiye da mutum dubu ashirin suka sa hannu a koke, ƙungiyar ta fito ta ba da haƙuri, ta kawo zane uku aka zaɓa, kuma a 2014 kirarin ya dawo. Na yaba musu da ba da haƙurin, domin ba kowane shugaba ne yake iya sauke girman kai ba. Amma dubi asarar da aka yi: kaka guda cur da tambarin da ba a so, da kayan da aka riga aka buga, da amanar da aka zubar. Na Cardiff City kuwa ya fi muni, domin a 2012 mai ƙungiyar, Vincent Tan, ya sauya rigar gida daga shuɗi zuwa ja, ya ɗora jan dodon Wales a tsakiyar tambari ya mayar da shuɗin tsuntsun da ake yi wa ƙungiyar laƙabi da shi ɗan ƙarami a ƙasa. Ƙungiyar ta hau gasar Firimiya a 2013 sanye da jar riga, amma nasarar ba ta wanke zukatan mutane ba, kuma a Janairun 2015 aka koma shuɗi. Duk wanda ya ce cin wasa zai sa a manta da tambari, to ya tuna da Cardiff.

Ɗalibin Lauya:
Ƙarin bayani kaɗan a kan tambaya ta uku, wato wa ke da hurumi. A Ingila wannan ya wuce batun ladabi, ya zama ƙa'ida. A 2022 hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar ta kafa dokar cewa ƙungiyar da ke son yin babban sauyi a tambarinta ko launin rigarta ta gida sai ta nuna hujjar cewa mafi yawan magoya bayanta sun amince. A 2025 kuma majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar da ta kafa hukuma mai zaman kanta domin sa ido a kan ƙungiyoyi, kuma kare irin wannan gado yana cikin abubuwan da ta ƙunsa. Tun kafin nan ma, a 2014, hukumar ƙwallon ta ƙi amincewa da buƙatar mai Hull City na sauya sunan ƙungiyar zuwa Hull Tigers. Ma'anar wannan ita ce doka ta fara bambanta mallakar hannun jari da mallakar suna da alama. Ko da ƙungiyar da ta ba ka aiki ba ta ƙarƙashin irin wannan doka, Yaya Mai Zane, kana iya kafa hujja da ita a gaban shugabanni. Sannan ka tabbata an rubuta a yarjejeniyarku cewa haƙƙin mallakar sabon zanen ya koma hannun ƙungiya, kuma kada ka ɗauko doki ko harafi daga zanen wani a intanet, domin hakan zai jefa su cikin irin matsalar da Arsenal ta gudu.

Mai Zane:
'Yan'uwa, na dawo bayan mako guda, kuma na bi shawarar Malama. Na zauna da wasu tsofaffin magoya baya da tsohon sakataren ƙungiyar, na duba hotunan da suka adana, kuma abin da na gano ya ba ni mamaki. Ni da shugabanni duk mun ɗauka dokin ne zuciyar tambarin saboda shi ya fi girma, amma ashe gadar ce ta fara zuwa, domin a filin da ke gefenta aka buga wasan farko, kuma tana nan a cikin hoto mafi tsufa da aka nuna mini. Dokin ya shigo daga baya, amma ya samu gindin zama saboda da shi ake yi wa ƙungiyar laƙabi a waƙoƙin filin wasa. Taurarin uku kuwa babu wanda ya iya gaya mini abin da suke nufi, kamar dai na Manchester City, kuma ƙwallon ma wani mai buga riguna ne ya ƙara ta domin cike gurbi. Da ban yi wannan bincike ba, da gadar ce farkon abin da zan share, domin ita ta fi wahalar zanawa. Yanzu shawarata ita ce a bar garkuwa da launukanta, a bar doki a kan gada, a bar shekarar kafuwa, a cire taurari da ƙwallo. Abin da ya rage mini shi ne kirarin. Ba ya karantuwa a ƙaramin girma, amma wani dattijo ya karanta mini shi da ka, idanunsa suna ƙwalla.

Dattijon Filin Wasa:
To ai ka samu amsarka a idanun wannan bawan Allah. Kada ka taɓa kirarin, ɗana. Manchester United ta cire kalmomin da ke nuna cewa ita ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce daga tambarinta a 1998, kuma har yau akwai magoya bayan da suke ɗaukar wannan a matsayin ranar da aka fara kallonsu a matsayin masu saye maimakon masu gida.

Ɗan Talla:
Baba, a nan kam ban ce a jefar da shi ba. Abin da nake cewa shi ne rubutun da ba ya karantuwa ba ya girmama kowa, ƙura ce kawai a ido. A bar shi cikakke a babban tambari kamar yadda Maigida Mai Surfani ya kawo, a kuma rubuta shi da manyan haruffa a cikin wuyan riga ko a bangon da 'yan wasa suke bi su fito fili, inda za a iya karanta shi da gaske. Ƙaramin tambarin kuma ya tsaya a doki da gada. Ina kuma so in janye wani ɓangare na maganata ta farko, domin binciken da Malam ya yi ya nuna mini cewa da an bi son shugabanni an yi harafi ɗaya tak, da an zubar da gadar da ita ce asalin labarin, kuma ko ta fuskar kasuwa labari irin wannan ba a sayensa da kuɗi.

Malamar Tarihi:
Akwai abu ɗaya da nake so ka kiyaye wajen sake zana dokin, kuma Ajax ce ta tuna mini da shi. Tun 1928 tambarinta yake ɗauke da kan jarumin Girka da aka sa wa ƙungiyar sunansa, an zana shi da gemu da kwalkwali dalla-dalla. A farkon shekarun 1990 aka sauƙaƙa shi zuwa layuka goma sha ɗaya, kowane layi yana wakiltar ɗan wasa ɗaya. Dabara ce mai kyau, jarumin bai tafi ko'ina ba, kuma da wannan tambari aka ci kofin zakarun Turai a 1995. Duk da haka magoya baya suka shafe sama da shekara talatin suna neman tsohon, har a Nuwambar 2024 ƙungiyar ta sanar cewa zai dawo daga kakar 2025 zuwa 2026, a shekarar da ta cika 125 da kafuwa. Abin da na fahimta daga nan shi ne mutane ba sunan abin kaɗai suke riƙewa ba, har da kamanninsa. Idan dokinku yana ɗaga ƙafar gaba ne, to ya ci gaba da ɗaga ta, idan hagu yake kallo kada ka juya shi dama domin kawai ya fi daidaita a idonka. Ka rage yawan layuka, ka ƙara musu kauri, amma wanda ya hango shi daga nesa ya ce wannan dokinmu ne.

Mai Surfani:
Idan ka kammala zanen, ka turo mini shi kafin ka kai wa shugabanni, in ɗinka maka gwaji a kan ƙyalle a ainihin girman da zai hau riga, domin abin da ya yi kyau a allon kwamfuta ba lalle ne ya yi kyau a zare ba. Ka kuma buga shi baƙi da fari zalla ka gani ko gadar tana fita daga ƙarƙashin ƙafafun dokin, domin a nan nake jin tsoron za su haɗe.

Mai Zane:
Na gode ƙwarai, Maigida, zan turo maka zane biyu, babba da ƙarami, a ƙarshen mako in Allah ya yarda. Na kuma roƙi shugabanni su amince a liƙa zanen a ƙofar filin wasa a wasannin gida biyu masu zuwa, tare da tsohon a gefensa da akwatin da masu tikiti za su jefa ra'ayinsu, kuma shugaban ya ce zai gabatar da buƙatar a zamansu na gaba. Dokin hagu yake kallo, Malama, kuma a hagun zan bar shi.